Shirwar Mayanka a Littafin Nasara

Litinin, 3 ga Maris, 1975

Yau na fara aikin banzan nan. Ni Halliru, magidanci mai 'ya'ya biyu, da satifike ɗina a cikin akwati, an zaunar da ni a kan dutse ina ƙirga shirwa. Shirwa fa. Tsuntsuwar da tun tasowata nake jifa da ƙashi don kada ta sure mana nama a kan tebur.

Nasaran da nake yi wa aikin sunansa Philippe. Bai kai ni shekaru ba. Gajeren wando, gwiwoyi jajur kamar an feɗe su. Watansa biyar a Garwa. Wai masu cin naman nan na sama, shirwa da shaho da danginsu, akwai baƙi a cikinsu, sanyi ke koro su daga ƙasar Nasara, in bazara ta kama sai su koma gida su yi ƙwai. Shi kuma so yake ya san guda nawa ke bi ta nan. Na ce in ka sani fa, sai me? Dariya kawai ya yi.

Yaya Uba ne ya haɗa mu. Likitan dabbobi na mayanka ya ce ana neman mai ido, wanda ya iya rubutu da Faransanci, Yaya ya yi caraf ya ce ga ƙaninsa. Abu ɗaya ya sa na yarda. In mun kai ƙarshen Afrilu lafiya, Philippe zai rubuta wa babbansu takarda a ɗauke ni gadin daji, da kaki da hula. In ajiye wuƙa. Shekara goma sha huɗu ina cikin jini da tumbi da ƙudaje, sabulu ma ya gaji da ni.

Kaye biyu ya ba ni, wato littattafan rubutu, ɗaya na ƙirga, ɗaya ya ce in rubuta abin da na ga dama a ciki. Shi ne wannan.

Talata, 4 ga Maris

Tun bakwai na safe har la'asar, shirwa tara, shaho biyu. Rana ta gasa mini ƙeya.

Alhamis, 6 ga Maris

Dutsen namu ƙarami ne, gefen hanyar Pitowa. Gari da kogin Binuwai suna kudu da mu. Dokar ita ce, abin da ya fito daga kudu, ya bi ta kanmu, ya ɓace bayan dutse ta arewa, shi ake rubutawa. Wanda ya yi shawagi ya koma, ba ruwanmu da shi. Ungulu ma ba a rubuta ta, 'yar gida ce. Philippe yana da jumel, madubin nan mai baki biyu da ke jawo nesa kusa, amma kafin ya gama murɗe-murɗensa ni na riga na gani da idon da Allah ya ba ni. Ya ce idona ya fi jumel. Na ji daɗi, ƙarya ba kyau.

Abincinsa ne ke tayar mini da zuciya. Sardin na gwangwani da ya wuni a rana, ya tsoma burodi cikin man, har ya ɗaga gwangwanin ya tsiyaye a baki. Ya miƙo mini. Na ce na ƙoshi. Ni da na bar mayanka don wari, ga shi na zo na tarar da ƙarni.

Asabar, 8 ga Maris

Ya tsinci wani curi a gindin dutse, gashi da ƙananan ƙasusuwa a dunƙule, wai abin da shaho ya amayar ne. Ya farfasa da yatsu yana murna, ya nuna mini haƙorin ɓera, ya zuba a ambulan. Da hannun nan ya karya burodi, ko a wando bai goge ba. Allah ya yi mutane iri-iri.

Lahadi, 9 ga Maris

Na bi ta kasuwa, mahauta suka yi mini ca. "Ranka ya daɗe, Sarkin Shirwa." Wani wai in gaida masa surukaina na sama. Yaya Uba ya daka musu tsawa, ya ce ranar da na sa kaki za su san wanda suka yi wa. Shi ya fi ni son kakin nan. Tun rasuwar Baba yake cewa wanda ya je lekol ya yi boko ba zai mutu da wuƙa a hannu ba.

Laraba, 12 ga Maris

Shirwa huɗu. Huɗu, wuni guda. Gaggafa ɗaya ta zo ta yi ta yawo, ita ma ta gida ce.

Philippe ya yi tagumi. Ya ce in har ashirin ga wata haka ne, zai tattara ya koma duwatsun Mora. Na ce takardata fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce a gani. Na san "a gani" irin ta Nasara.

Muna cin tuwo na gaya wa Yaya. Ya ajiye loma ya ce, "Wai tsuntsu kawai yake so?" Na ce tsuntsu kawai. Ya ce baƙo ya zo garinmu neman abu ya koma hannu wofi, ai abin kunya ne gare mu duka. Ban kula ba, na ci gaba da cin tuwona.

Asabar, 15 ga Maris

Sittin da uku. Daga ina?

Litinin, 17 ga Maris

Ɗari da goma sha biyu. Tun ƙarfe tara suke kwararowa daga wajen gari, layi guda, ba waiwaye, su faɗa bayan dutse. Philippe ya yi ta tsalle kamar wanda aka yi wa haihuwa, hularsa har ta gangara rami. Ya rungume ni da guminsa da ƙarnin sardin, a'uzubillahi. Ya ce maganar Mora ta mutu.

Matata Lauratu ta riga ta kai wa uwarta zancen kaki. Na ce mata ta riƙe bakinta tukuna. Ta ce, "Baban Dela, ai abu ya riga ya tabbata."

Laraba, 19 ga Maris

Yau na ga abin da ban so gani ba.

Bara wata shirwa ta addabe mu a mayanka, har kan tire take sauka. Yaya ya kafa mata tarko ya kama, bai kashe ba, ya ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafa don kowa ya san ɓarauniya. Ba mahaucin da bai san ta ba a Garwa. To yau wajen ƙarfe goma sai ga ta ta kanmu, ƙyallenta yana reto, ta miƙe arewa cikin 'yan'uwanta, wai za ta ƙasar Nasara ta yi ƙwai. Philippe ma ya gani, ya ce tsumma ta tsinta za ta kai sheƙa. Ya ce, "Arba'in da bakwai." Ni kuma na rubuta arba'in da bakwai.

Shekaranjiya ma na ga kamar ita, na ce idona ne.

Alhamis, 20 ga Maris

Na ce wa Philippe zan zagaya. Na sauka ta bayan dutse, na bi wani busasshen rafi, tafiyar minti goma sha biyar. Hancina ya riga ni isa.

Tir. Tulin hanji da huhu da kashin tumbi, da hantar da likita ya hana sayarwa, an zube a kan yashi. Na jiya ya yi kore, na shekaranjiya tsutsa ta cika shi har motsi yake. Ƙudaje sai gunji. Shirwa ta fi ɗari suna ta dambe a kai, ga ungulaye sun cusa kai cikin ƙazanta har wuya. Duk zamana a mayanka ban taɓa amai ba, yau na yi.

Sawun mobilet, ɗan babur ɗin nan, a yashi, tayar baya mai faci. Ta Shu'aibu ce, tsohon da ke kai wa Yaya nama unguwanni. Ashe da safe tsuntsayen mayanka ke biyo kwanonsu su bi ta kanmu, in sun ƙoshi su koma gari da yamma bayan mun tashi. Washegari mu sake rubuta su.

Na koma na zauna kusa da shi. Ya ce na daɗe. Na ce cikina ne.

Juma'a, 21 ga Maris

Bayan masallaci na tare Yaya. Ko musu bai yi ba, har wani washe baki yake. "Nasaran ya gani ko? Nawa ya samu jiya?" Na ce Yaya, baƙi yake ƙirgawa, masu wucewa, ba namu ba. Ya ce shirwa ai shirwa ce, ba a rubuta sunan garinsu a goshinta ba. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Ya ce shi dai a iya saninsa mutum ya ce yana son abu, aka ba shi, sai godiya. Ya ce, "Kai dai rubuta abin da ya ce, ka karɓi takardarka. Sauran ka bar mini."

Na tuna masa naman da likita ya hana, kananzir ake zuba masa a binne. In aka ji yana fita da shi, teburinsa zai rasa a mayanka. Ya ce wa zai ji?

Haushi kamar in fashe. Mutum da furfura a gemu.

Asabar, 22 ga Maris

Da azahar abin ya lafa, Philippe ya ciro wani hoto daga aljihu. Ƙauyensu, da wani rafi da dogayen itatuwa. Ya ce a nan shirwa ke sheƙa, uwarsa takan rubuto masa ranar da ta farko ta iso. Ya ce wata ila cikin waɗanda muka ƙirga yau akwai wadda za ta sauka bayan gidansu. Na ce Allah ya kai ta lafiya. Iyakarta bayan dutse, na sani.

Da mugun mutum ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Litinin, 24 ga Maris

Casa'in da takwas. Na rubuta.

Laraba, 26 ga Maris

An yi yanka da yawa saboda Maulidi, don haka yau ɗari da saba'in suka yi ƙaura. Philippe ya zo da wani ƙarfe mai 'yar fanka yana auna iska. Ya gano, in ji shi, duk ranar da iska ta fito daga kudu maso yamma tsuntsaye sun fi yawa. Ya zana mini a takarda, layi yana hawa yana sauka. Ni na san layin nan. In Yaya ya kayar da shanu shida ya hau, in biyu ne ya sauka.

Na ce masa lallai iska ce. Da bakin da nake salla na faɗa.

Alhamis, 27 ga Maris

Na lura da wani abu, ba don ina so ba. Baƙin na gaskiya daban suke. Can sama suke bi, sai ka kanne ido, ba sa kaɗa fiffike, ba sa kallon ƙasa. Su hau iska su yi ta juyi har su koma ɗigo, sannan su zame arewa. Namu kuwa ƙasa-ƙasa, wuya a lanƙwashe, ido na neman abin sata. Na fara ɗiga ɗan tabo a gefen kaye duk sa'ad da baƙo ya wuce. Yau tabo goma sha tara cikin ɗari da huɗu. Ban san amfanin da zai yi ba.

Akwai wani shaho mai ruwan toka, bakin fiffikensa baƙi, shi kaɗai ya wuce. Ko waiwayar rafin bai yi ba.

Asabar, 29 ga Maris

Mai jan ƙyalle ta tafi Faransa karo na shida. Na tsani tsuntsuwar nan, na fi tsanar kaina.

Litinin, 31 ga Maris

Philippe ya buga waya Yawunde. Babbansu, wani Robert, zai zo ranar Juma'a ya ga abin da idonsa. Wai ba a taɓa samun hanyar tsuntsu irin wannan ba, za a buga a littafi, kuma sunana zai fito a ƙasan nasa. Ya rubuta mini shi a takarda in gani, ya tambaya ko daidai ne. Takardar aikina ma ya ce ya gama ta, sa hannu kawai ya rage, a gaban Robert zai sa.

Tuwo ya ƙi shiga. Lauratu ta ce ko zafi ne.

Talata, 1 ga Afrilu

Yaya ya ji babban baƙo zai zo. Wata saniya ta mutu a turke kafin a kai mata wuƙa, likita ya ce a binne. Yaya kuma ya sa an ja ta bayan mayanka an lulluɓe da zana, ya shirya da wani mai mota a kai ta rafin da asubahin Juma'a. Mushe guda sukutum, a zafin nan, kwana uku. "Babba zai zo, ai sai babban abu," in ji shi. Ya ce sai sama ta yi baƙi ƙirin.

Na roƙe shi don Allah don Annabi. Ya ce ban san ciwon kaina ba.

Robert ɗin nan shekararsa ashirin yana kallon tsuntsu, in ji Philippe. Ba zai yi awa guda ba zai gane. Ko da ma bai gane ba... ban sani ba. Sunana a littafi, ni da ruɓaɓɓen hanji.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na kai Philippe rafin.

Wajen sha ɗaya, yana tsakiyar ƙirga, na rufe kaye na ce ya biyo ni. Bai so ba. Muka sauka. Tun daga nesa ya toshe hanci da hula. Da muka isa ya tsaya ya daɗe yana kallo, tsutsa da ƙudaje, ga tsuntsayensa suna yagar hanji. Jar fuskarsa ta koma fari fat. Ya ce tun yaushe? Na ce tun sha biyar ga Maris. Ya ƙirga da yatsu, kwana goma sha tara.

Sannan ya ce wa ya yi? Na tuna shi da likitan mayanka tare suke cin abinci ranar Lahadi. Na tuna teburin Yaya, baki goma sha ɗaya ke ci a kansa, har da nawa 'ya'yan. Na ce ni ne. Na ce tsoro na ji kada ya tafi Mora ya bar ni ba takarda. Ina na samo kayan? Na ce wajen masu yanka a ƙauyukan Pitowa na roƙa. Ƙarya a kan ƙarya, amma ta ƙarshe ke nan in Allah ya so.

Bai zage ni ba. Da ma ya zaga. Na nuna masa tabon da nake ɗigawa, na ce waɗannan na gaskiya ne, ko Alƙur'ani aka ba ni zan dafa. Ya duba ya daɗe. Ya ce, "To yanzu ta yaya zan yarda da abin da hannunka ya rubuta?" Ya karɓi kayen ya ja layi a kan kowane shafi, har da na farkon Maris, masu tara da huɗu, waɗanda rana ta gasa ni a kansu tsakani da Allah. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ya kawo ni gari a motarsa.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An binne saniyar. Na gaya wa Yaya ba sauran baƙo, ba takarda. Ya ce na haukace, na sa ƙafa na shure arzikina. Muka ɗaga murya har matan gida suka leƙo. Ban gaya masa sunan wa na bayar ba.

Lauratu ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma tuwon yau duk gudaji.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na koma wuƙa. Warin yana nan inda na bar shi. Ba wanda ya ce Sarkin Shirwa, da alama an ja musu kunne, kuma shirun ya fi tsokanar ciwo.

Laraba, 9 ga Afrilu

Likita ya tsaya a teburin Yaya yana duba hanta, ya ce masa da Fillanci a gaban mutane, ƙaninka ya ba mu kunya, kai da kake mutumin kirki. Yaya ya saki baki. Sai a lokacin ya gane.

Da la'asar ya same ni ina wanke wuƙaƙe. Ya ce in tashi in raka shi gidan Nasara in yi masa tafinta, zai faɗi gaskiya. Na ce ba za ni ba. Ya ce, "Ni ne babba ko kai?" Na ce to babba ya riƙe teburinsa, kakin ya riga ya tafi, kada a haɗa da abincin gida.

Ya tafi ba tare da ni ba, da babbar riga da ƙullin kilishi.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Shu'aibu ne ya kai shi, shi ya ba ni labari. Wai Yaya ya tsuguna a ƙofa, ya yi bayani da Hausa, ya sake da Fillanci, yana dukan ƙirji yana nuna sama, har da ƙwalla. Nasara bai ji ko ɗaya ba. Ya karɓi kilishi ya ce "useko", godiyar da ita kaɗai ya iya, ya tura ƙofa. Kayansa duk a ɗaure, jibi zai tafi Mora.

Na so in yi dariya, ta ƙi zuwa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ya tafi. Ni da Yaya sai gaisuwa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Hadari ya haɗu jiya ya watse, zafi sai abin da ya ƙaru. Shanu biyar muka kayar.

Da hantsi ina fiɗar ta uku, wuyana ya gaji na ɗaga kai. Ba nema nake ba. Suna can sama sosai, bisa namu masu rububin hanji, sun hau iska suna juyi, sannan suka fara zamewa arewa ɗaya bayan ɗaya. Ban san na tsaya ba sai da na ji wuƙa tana aiki a gefena. Yaya ne, ya kama ɓangarena yana feɗewa, kansa a sunkuye.

Ya ce, "Nawa?"

Na ce talatin da ɗaya.

Ya ja fata. Can ya ce, "Namu ne ko baƙi?"

Na ce baƙi ne.

Ya ce, "To gama tukuna, akwai saura ta wajen kogi." Da gaske kuwa, huɗu suna baya, ni ban gan su ba.

Talatin da biyar ke nan. Ba don kowa na rubuta ba, kayen ne da sauran shafi. Har yanzu dai ƙazaman tsuntsaye ne. Gobe Juma'a, yanka da wuri.